Yadda Na Sauya Aksul da Sifirin na Land Cruiser 80 Don Yashin Yobe da Lakar Haɗejiya

Sana'ata ita ce haɗa famfunan rijiyar burtsatse masu aiki da hasken rana, kuma mafi yawan ayyukan da nake samu suna ƙauyukan arewacin Jigawa da Yobe ne, daga Guri da Kirikasamma har zuwa Machina da Yusufari, inda kwalta takan ƙare ta bar mutum da sauran tafiya mai tsawo a cikin yashi ko laka. Motar da nake wannan aiki da ita Toyota Land Cruiser ce samfurin 80, ƙirar 1991, mai injin dizal 1HZ da giyar hannu. Kamfanin Toyota ya fito da wannan samfuri a 1990, ya ci gaba da ƙera shi a Japan har 1997, kuma abin da ya sa masu shiga daji ba sa son rabuwa da shi har yau shi ne aksul ɗinsa na gaba da na baya duka ƙarfe ne guda miƙaƙƙe daga taya zuwa taya, jikin motar kuma yana zaune a kansu ne bisa sifirin mai murɗi, ba mai falle-falle irin na Land Cruiser na da ba.

Motar da ta haura shekara talatin tana ɗaukar batura da bututu da wayoyin wuta da jarkokin ruwa, dole wata rana ƙasanta ya gaji. Idan na loda mata kaya sai bayanta ya zauna, gabanta ya ɗaga, fitilunta su riƙa haska saman itatuwa, kuma duk ramin da ta faɗa sai na ji aksul ya daki robar da ke tokare shi a jikin shasi. Ta cikin tayoyin gaba wani baƙin mai yana tsiyaya daga gwiwar aksul yana kama ƙura, sitiyari kuma yana karkarwa idan na taka gargada da ɗan gudu. Birkin baya na ganga ne, kuma duk lokacin da na ratsa fadamar Haɗejiya da damina sai laka ta cika shi, ya daɗe bai koma kamawa yadda ya kamata ba. Abokan aiki da dama sun ba ni shawara iri ɗaya, cewa in ɗaga motar sosai in sa mata manyan tayoyi, matsalar ta ƙare.

Makaniken da na kai wa aikin a Kano dattijo ne wanda ya fara taɓa Land Cruiser tun zamanin samfurin 60, kuma da na kawo masa wannan shawara bai ce tana da kyau ko ba ta da kyau ba. Cewa ya yi, "Injiniya, kafin mu kwance noti ɗaya, je ka loda mata duk abin da kake ɗauka ranar aiki, ka cika tanki, ka kai ta sikeli." Na ce, "Baba, ai na san kayana." Ya ce, "Ka san sunayensu, amma nauyin da ke kan kowane aksul muke nema."

A sikelin manyan motoci na wani kamfanin sayen amfanin gona muka auna ta, gaba shi kaɗai, baya shi kaɗai, sannan motar baki ɗaya, da kaya da kuma babu kaya. Abin da awon ya nuna shi ne ya tsara duk aikin da ya biyo baya. Kayan da ba sa sauka daga motar ko da ina gida, wato akwatunan kayan aiki da tayar safaya ta biyu da tankin ruwa da kariyar da ke sama, sun kusa kilo 400, kuma kusan dukkansu aksul na baya ne ke ɗauke da su. Ranar aiki kuwa, idan batura da famfo da mutane suka hau, motar takan matso kusa da iyakar nauyin da kamfani ya buga a farantinta, wanda bai cika tan 3 ba. Da muka dawo gareji, Baba ya sa yaransa suka tsayar da ita a kan siminti mai daidaito, suka auna tsakanin tsakiyar kowace taya da leɓen madigadi, suka rubuta a littafi. Daga wannan awo ne za a san ko nawa motar ta tashi idan aiki ya kammala, domin ido ba ya iya raba santimita biyu da uku a ƙarƙashin mota.

Da aksul na gaba muka fara, tun kafin a yi maganar sifirin. Hujjar Baba ita ce duk wani lahani da ke cikin gwiwar aksul, ɗaga mota ƙara fito da shi yake yi, kuma wanda ya ɗora sabon sifirin a kan boris da ya ci, ba zai taɓa gane daga ina karkarwar sitiyari take zuwa ba. Aka cire taya, aka rataye kan birki da waya don kada nauyinsa ya ja tiyon, aka kwance hob, wato cibiyar da taya take ɗaure a kanta, aka fito da manyan notuna biyu masu cin soket mai lamba 54, sannan aka zare sandar aksul tare da gaɓarta. Sandunan biyu ba tsawonsu ɗaya ba, domin dif ɗin gaba, wato gidan haƙoran da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin biyu, ba a tsakiya yake ba. Abin da ya zubo daga gwiwar hagu wani ruwa ne baƙi-baƙi mai yauƙi kamar miyar kuka da ta kwana, kuma shi ne ya bayyana tushen tsiyayar. A cikin bututun aksul akwai wani ƙaramin oyil-sil da ke raba man giya na dif da giris ɗin da ke cikin gwiwa. Idan ya mutu sai man giya ya kwararo ya narkar da giris, haɗin ya yi ruwa ya fita ta robar da ke share ƙwallon aksul, gaɓar da ke ciki kuma ta zauna babu abin da ke kare ta daga gogayya. Mutane da yawa suna ƙara giris ne kawai idan suka ga wannan tsiyaya, alhali ƙaramin sil ɗin da ke can ciki shi ne ke bukatar sauyi.

Gaɓar da ake kira Birfield ita ce ke ba tayar gaba damar karɓar ƙarfin inji yayin da take juyawa hagu ko dama, kuma a cikinta akwai ƙwallayen ƙarfe shida da ke zaune a keji. Da aka wanke su da kananzir, ta dama ta fito lafiya, amma kejin ta hagu yana da tsaga siririya da sai an karkata shi wajen haske ake ganinta. Na sayi sababbi guda biyu na kamfani, ta daman kuma aka shafe ta da giris aka naɗe a leda ta zama safaya. Inda ɓarnar ta fi yawa shi ne boris biyu da gwiwa take juyawa a kansu, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Su ba sa zagayawa kamar boris ɗin taya, iyakarsu su ɗan karkata yayin da aka murɗa sitiyari, don haka duk dukan da hanya take yi a wuri ɗaya yake sauka, har sai ya yi musu ramuka a jikin zobe. Da na shafa zoben da yatsa na ji ramukan a jere, kuma a nan na fahimci dalilin da sitiyarina yake ɗan maƙalewa a tsakiya. Muka sa sababbi na Koyo, wato boris ɗin Japan da Toyota ta daɗe tana amfani da shi.

A wajen ɗaure waɗannan boris ne na ga bambancin makanike mai bin ƙa'ida. Matsinsu ana daidaita shi ne da wasu siraran farantan ƙarfe da ake sawa ƙarƙashin murfin gwiwa, kuma littafin gyara na Toyota ya ce idan aka ja hannun sitiyari da sikelin rataye, gwiwar ta fara motsi tsakanin kilo 2.5 da 4.5. Baba ya ɗauko ɗan sikelinsa ya maƙala, ya ja, ya ga bai kai ba, ya kwance ya rage faranti, ya sake ja, har sai da allurar ta tsaya inda ake so. Idan matsin ya yi kaɗan taya za ta riƙa rawa, idan ya yi yawa boris zai mutu da wuri kuma sitiyari ya yi nauyi. Bayan haka ya sauya kusoshi huɗu da ke riƙe da hannun sitiyari a ƙasan kowace gwiwa, ya ɗaure notunansu da sifanar awo a kan Nm 96, ya kuma gargaɗe ni cewa waɗannan kusoshi su ne abin da zan riƙa dubawa duk bayan doguwar tafiya a gargada, domin idan suka saki sukan karye, kuma idan suka karye taya ta daina bin sitiyari ke nan. Aka cika gwiwa da baƙin giris mai sinadarin moli zuwa kashi uku cikin huɗu, boris ɗin taya kuma aka sa masa nasa giris daban, aka ɗaure notinsa da ƙarfi aka juya hob don ya zauna, aka sassauta, aka sake ɗaurewa a hankali, sannan aka lanƙwasa kunnen wosha ya riƙe noti.

Aksul na baya kuwa sauya shi muka yi gaba ɗaya, kuma wannan shi ne mataki mafi girma a duk aikin. Wanda motata ta zo da shi irin wanda sandar aksul take yin aiki biyu ne, tana juya taya kuma tana ɗauke da nauyin mota, wani ƙaramin ƙarfe mai siffar kofato a cikin dif shi ne yake riƙe ta don kada ta zare. Idan irin wannan sanda ta karye, taya tana iya ficewa tare da guntun sandar, motar ta zauna a ƙasa. Akwai wani nau'in da Toyota ta sa wa da yawa daga cikin motocin samfurin 80, wanda a cikinsa hob yake zaune a kan boris biyu bisa bututun aksul kansa, sandar kuma ba ta ɗauke da nauyi ko kaɗan, juyawa kawai take yi. Idan ta karye a daji, mutum zai kwance notunan da ke bakin hob, ya zare ta, ya toshe ramin, ya cire farfelar baya, ya sa fowil ya taho da tayoyin gaba a hankali. Ga wanda yake aiki a wuraren da mota takan yi wuni ba ta wuce ba, kuma ba a so dare ya riski mutum a hanya, wannan bambanci ya fi duk wani tsawo da za a ƙara wa mota muhimmanci a wurina.

A kasuwar Kofar Ruwa muka samo aksul ɗin, daga wata samfurin 80 ta shekarun baya-baya da aka yanka, mai birkin faifai. Kafin a yi ciniki Baba ya ɗauki lokaci yana dubawa. Ya zare sandunan biyu ya leƙa ta bututun daga wannan gefe zuwa wancan don ya tabbatar bai lanƙwashe ba, ya duba wuraren da sifirin da hannuwan aksul suke zama ko an taɓa yi musu walda, sannan ya sa aka kwance kan dif ya ƙirga haƙora da alli. Babban faifan haƙora yana da 41, finiyon, wato ƙaramin da ke juya shi, yana da 10, wato duk juyi 4.1 na farfela taya tana yin juyi ɗaya, daidai da abin da ke aksul ɗina na gaba. Wannan ƙirga ba a tsallake ta, domin akwai motocin wannan samfuri da suka fito da wani lissafin haƙora daban, kuma idan gaba da baya suka saɓa, da zarar an sa fowil tayoyin za su riƙa jayayya da juna har sai wani abu ya karye a akwatin giya ko a dif. Daga motar da aka yanka ɗin muka haɗa da mastan birki da bawul ɗin raba birki da wayar hambirki, saboda mastan da aka yi wa birkin ganga ba ya dacewa da na faifai. Fayafayan kuma manya ne, irin waɗanda Toyota ta haɗa da rim mai inci 16, don haka tsofaffin rim ɗina masu inci 15 suka tashi daga aiki.

Tun da kan dif yana a kan tebur, a lokacin muka sa masa makulli. Dif na yau da kullum an yi shi ne don ya bar tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana, amma wannan hali nasa shi ne yake kayar da mota a laka, domin ƙarfin yakan tafi ga tayar da ta fi sauƙin juyawa, sai ka ga ɗaya tana wulwulawa a cikin taɓo ɗayar kuma tana tsaye a kan busasshiyar ƙasa ba ta motsi. Na yi odar makullin iska na ARB, wani kamfanin Ostareliya da aka kafa a Melbon a 1975, wanda idan aka danna maɓalli iska takan tura wani ƙarfe ya haɗe sandunan biyu su juya tare. Aka mayar da faifan haƙora a kan sabon gidan, aka sa sababbin boris, aka daidaita ratar da ke tsakanin haƙoran faifai da na finiyon da agogon awo har ta tsaya tsakanin milimita 0.15 da 0.20, aka shafa wa haƙoran fenti aka juya don a ga inda suke taɓa juna. Aka huda gidan dif aka fitar da bututun iska, kuma kafin a mayar da shi cikin aksul sai da aka ba shi iska aka bar shi, aka tabbatar allurar geji ba ta sauka ba. Na zaɓi na iska ne saboda kwamfuresar da ke kulle dif ita ce kuma za ta mayar wa tayoyi iskarsu idan na fito daga yashi. Gaba kuwa na bar shi babu makulli da gangan. Faifan haƙoran dif ɗin gaba inci 8 ne, na baya inci 9.5, kuma yankan haƙoran na gaban ya sa ya fi rauni idan ana jan nauyi da ribas. Idan aka kulle shi aka murɗa sitiyari har ƙarshe aka ba da wuta, Birfield ce take biyan kuɗin.

Sai a wannan mataki muka zo kan sifirin. Na ɗauki na Old Man Emu, wanda shi ma na ARB ne, saboda suna rarraba sifirin ɗinsu bisa nauyin da mota take ɗauka kullum, akwai na matsakaicin kaya, akwai na kilo 200, akwai na kilo 400. Awon sikeli ya riga ya ba mu amsa, don haka baya ya sami na kilo 400, gaba kuma ya sami matsakaici tun da ba ni da ƙarfen gaba mai nauyi ko injin janwe. Tashin da muka nema santimita 5 ne kawai. Daga nan zuwa santimita 10 lissafin yakan canza gaba ɗaya, sai an sauya hannuwan aksul, an gyara kwanciyar farfela, an tsawaita kusan duk abin da ke haɗa aksul da shasi, kuma motar da take ɗaukar allunan sola a samanta tana bin gefen tudun yashi ba ta bukatar a ƙara mata tsawon da zai sa ta yi saurin kifewa. Wani abu da masu ba ni shawara ba su ambata ba shi ne sifirin jikin mota kawai yake ɗagawa, dif kuwa yana nan inda yake, kuma shi ne yake fara taɓa ƙasa a tsakiyar hanyar da manyan motoci suka haƙe. Taya ce kaɗai take ɗaga shi.

Shokozoba sai da muka gwada tsawonsa kafin a ɗaure. Aka cire sifirin, aka ɗaga aksul da jak har ya taɓa robar tokare, aka tabbatar akwai sauran tafiya a cikin shokozoban, domin idan shi ne ya fara ƙurewa kafin robar, duk dukan a kansa zai ƙare, ya fashe ko ya tsinke mazauninsa. Sannan aka sauke aksul har ƙarshe aka duba cewa sifirin bai saki daga mazauninsa ba. Aikin shokozoba shi ne ya mayar da tsallen sifirin ya zama zafi a cikin mai, kuma a doguwar gargada man yakan yi zafi har ya yi kumfa ya daina riƙewa, abin da ya sa ake cusa wa irin waɗannan iskar naitirojin don ta danne kumfar.

Santimita 5 ba su da yawa a ido, amma sun taɓa abubuwa da dama da sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Na farko shi ne kasta, wato ɗan kwanciyar da gwiwar aksul take yi zuwa baya, wadda ita ce take sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana, mota kuma ta miƙe a hanya ba tare da direba yana ta gyara ta ba. Kamfani ya sa ta kimanin digiri 3. Da yake hannuwa biyu ne dogaye suke riƙe da aksul na gaba daga shasi, idan jiki ya tashi sai hannuwan su sunkuya, aksul ya mirgina gaba, kasta ta ragu, motar ta koma yawo a titi. Maganinsa wasu bushin ne da raminsu ba ya tsakiya, waɗanda ake matsawa cikin hannuwan da injin matsi bisa wata alama da ake zanawa, su mayar da kimanin digiri 2. Baba da kansa ya yi zanen, domin idan aka juya bushin ba daidai ba ramukan ba za su haɗu da na aksul ba.

Na biyu, kuma shi ne wanda na fi so duk mai ɗaga irin wannan mota ya sani, bawul ne da ke jikin shasi a baya, wanda wata siririyar sanda ta haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne ya gane ko mota tana da kaya ta hanyar zaman da bayanta ya yi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi idan ta zauna, ya rage idan ta tashi. Motar da aka ɗaga, a wurin wannan bawul fanko ce ko da an cika ta da batura, sai ya rage birkin baya, na gaba ya ɗauki duk wahalar, tazarar tsayawa ta ƙaru. Aka yanko ɗan ƙarfe aka ɗaga mazaunin sandar a jikin aksul da daidai abin da awon littafinmu ya nuna bayan motar ya tashi. Aka sa tiyon birki masu ɗan tsawo gaba da baya, aka sauke mazaunin sitabilaiza kaɗan. Sandar da ke gicciye tana hana aksul gocewa gefe, mun auna mun ga gocewar 'yan milimita ce, sai muka sauya mata bushin kawai muka bar ta.

Abu na ƙarshe a ƙarƙashin motar shi ne mafi araha. Kowane aksul yana da ɗan bututun numfashi a samansa, kuma idan aksul mai zafi ya shiga ruwan fadama mai sanyi, iskar da ke cikinsa takan tsuke ta zuƙo ruwa ta wannan bututu ko ta bakin sil, man giya ya koma fari. Aka ja tiyo daga aksul biyun har cikin gidan inji, can sama kusa da gilashi, aka sa musu 'yar matata a baki. Aka zuba man giya 80W-90 mai lambar GL-5. Duk kusoshin da suka ratsa ta cikin bushin kuwa ba a ɗaure su ba sai da aka sauke motar daga jak ta tsaya a kan tayoyinta da kayanta na kullum, domin robar da aka ɗaure tana rataye takan zauna a murɗe, ba ta daɗewa take yagewa.

A kan taya na tsaya a 235/85R16, wadda tsawonta ya ɗan haura santimita 80, ta ɗaga dif da kimanin santimita ɗaya a kan tsofaffin. Injin 1HZ lita 4.2 ne mai silinda shida, ba shi da tabo (turbo) mai ƙara wa inji iska, ƙarfinsa bai wuce na doki 130 ba, kuma babbar taya takan cinye masa ƙarfi a yashi, ta tilasta wa mutum sauya haƙoran dif biyun. Bayan haka, tsawon wannan taya ya yi kusa da na 7.50R16, wadda ake samu a garuruwa irin su Nguru da Gashuwa, don haka idan na fasa biyu a tafiya ɗaya ba sai na jira saƙo daga Kano ba.

Bayan an yi alaimen na loda mata kayan aiki na kama hanyar Gumel zuwa Haɗejiya. Abin da na fara lura da shi shi ne motar tana tsaye daidai, gaba da baya, sitiyari yana dawowa tsakiya da kansa, karkarwar nan kuma ta tafi. Na nemi wuri babu kowa na taka birki da ƙarfi, ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba, kuma gabanta bai nutse kamar da ba. A yashin da ke arewa da Yusufari na rage iskar tayoyi zuwa awo 18 a gejin masu faci, na kulle hob, na sa fowil, kuma a mafi yawan hanyar ban bukaci makulli ba, domin a yashi rage iska ya fi kowane ƙarfe aiki. Inda makullin ya nuna amfaninsa shi ne wani hawa mai ramuka a karkace, wanda yakan ɗaga tayar baya ɗaya sama. Na tsaya a ƙasa, na danna maɓalli, na hau da ƙaramar giya ba tare da gudu ba, kuma wannan rashin gudun shi ne ribar, domin a da sai na taho da ƙarfi ina dukan ƙasan mota da kayan mutane kafin in haye. Da na fito kan ƙasa mai tauri na kashe shi nan take, saboda kulallen dif yana tura mota ta miƙe a kwana kuma yana murɗa sanduna. Da damina ta sauka na gwada ta a lakar Guri, birkin faifai yana wanke kansa bayan taku biyu ko uku, kuma da na buɗe magudanar dif bayan na dawo, man ya fito da launinsa.

Gyaran yana da farashinsa bayan kuɗi. Ranar da na sauke akwatuna da tankin ruwa don in kai iyali biki, bayan motar ya yi tauri, kowane ɗan rami sai an ji shi a kujerar baya, domin sifirin da aka yi wa kilo 400 ba ya lanƙwasa yadda ya kamata idan babu su. Haka kuma sabon sifirin bai ƙara ko kilo ɗaya a kan nauyin da ke rubuce a farantin motar ba, tun da shasi da birki da boris suna nan a kan iyakarsu, don haka idan aiki ya bukaci batura masu yawa nakan raba su tafiya biyu ko in ɗauki hayar wata motar zuwa inda kwalta ta ƙare. Batura da famfo a ƙasa suke zama, tsakanin aksul biyu gwargwadon iko, kariya kuma allunan sola kawai take ɗauka.

Da motar ta yi kusan kilomita dubu na mayar da ita gareji kamar yadda Baba ya bukata. Aka sake bin kowane noti da sifanar awo, aka sami boris ɗin tayar baya ta hagu ya ɗan saki bayan ya zauna, aka ɗaure shi, aka sake auna tsayin kusurwa huɗu aka ga sifirin ya kwanta da 'yan milimita, aka gyara sandar bawul ɗin birki daidai da haka. Tsohon aksul na sayar wa wani mai irin motata, kuɗin kuma na sayi boris ɗin taya guda biyu da oyil-sil da soket mai lamba 54 da ɗan guntun bututun iska da mahaɗinsa, na haɗa su da tsohuwar Birfield a akwati ɗaya da ke zama bayan kujerar direba.